Daga Bakin Allo: An Bar Wa Tuwo Sunansa, An Sauya Tuwon

 A wannan karo za mu ɗan leƙa wata duniya wadda 'ya'yanmu da ƙannenmu suka fi mu sanin lungunanta, wato duniyar wasannin kwamfuta, abin nan da yara suke kira gem. Na san wani dattijo zai ce, "Haba malam, duk matsalolin da ke damunmu, sai wasan yara za ka ɗauko?" To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe. Wannan harka yau kasuwa ce ta biliyoyin daloli, kuma wani ɗan sashe na kuɗin daga aljihunmu yake fita, ko dai kuɗin data, ko kuɗin da yaro zai miƙa wa mai ɗakin gem a unguwa. Bugu da ƙari, a cikin wannan duniya ne yaranmu da yawa suke koyon yadda ake fushi, da yadda ake gardama, da yadda ake yanke hukunci a kan abu. Abin da ke koya wa yaro hali kuwa, ai bai kamata malami ko uba ya kau da kai daga gare shi ba.

Hausawa na cewa tuwo ba a sake masa suna. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan wasanni kuwa sun zo da tasu dabarar: sai su bar wa tuwon sunansa, su sauya abin da ke cikin akushi. Abin da nake so mu duba shi ne yadda masoya wasa suke yi idan aka yi musu haka, da kuma ko suna da gaskiya.

Bari in fara da bayani domin waɗanda ba su saba ba. Wasan da ya karɓu ba ya tsayawa a guda ɗaya. Akan yi na biyu, da na uku, har a kai na bakwai ko fiye, duk da suna ɗaya da jarumai ɗaya, kamar zuriyar gida guda. Sa'an nan kowane wasa yana da irinsa. Akwai na ƙwallo, akwai na tsere, akwai na dambe da doke-doke, akwai na harbi, akwai na dabarun yaƙi inda mai wasa yake zama kamar sarkin yaƙi yana tura runduna. Akwai kuma na bi-da-bi, wanda ya yi kama da dara: ka yi naka motsi, ka tsaya abokin karawa ya yi nasa. Rikici yakan tashi ne ranar da kamfani ya ɗauki zuriyar da aka sani da iri ɗaya ya mayar da ita wani iri daban.

Misali mafi kyau da na sani shi ne na wasan Yakuza, na kamfanin Sega da ke ƙasar Japan. Wasan farko ya fito a shekarar 2005, kuma labari ne na wani mutum mai suna Kazuma Kiryu, tsohon ɗan ƙungiyar 'yan daba, wanda yake fama da rigingimu a wata unguwa ta birnin Tokyo. Tun daga na farko har zuwa na shida, wanda ya fito a 2016, salon ɗaya ne: ka shiga titi, 'yan iska su tare ka, ka yi ta naushi da shuri, ka ɗauki keke ko kujera ka maka wa mutum. Wanda ya fi saurin yatsu shi ke cin nasara. Ran 1 ga Afrilu 2019, ranar nan da Turawa suka ware domin zolaya da ƙarya, sai masu wasan suka fitar da wani ɗan bidiyo inda aka ga faɗan ya koma na bi-da-bi. Kowa ya yi dariya, ana cewa ai wasa ne. Da watan Agusta na wannan shekara ya zo, sai kamfani ya ba da sanarwa cewa lalle haka sabon wasan zai kasance, kuma ba Kiryu ne jarumi ba, wani ne sabo mai suna Ichiban Kasuga.

Nan fa intanet ta ɗauki zafi. Wasu suka ce an kashe musu wasa, wasu suka rantse ba za su saya ba, wasu suka ce a cire sunan Yakuza a sa masa wani. Wasan ya fito a Japan cikin Janairu 2020, ya isa sauran duniya cikin Nuwamba. Da mutane suka taɓa da hannunsu, sai murya ta fara sauka. Abin da suka tarar shi ne, masu wasan ba su yi sauyin a banza ba. Ichiban mutum ne da ya yi shekara 18 a kurkuku saboda laifin da ba shi ya aikata ba, ya fito ya tarar an yashe shi, har ya koma kwana tare da marasa gida a birnin Yokohama. Tun yana yaro yana son wani tsohon wasan bi-da-bi mai suna Dragon Quest, saboda haka duk faɗan da ya shiga, a ransa haka yake ganinsa. Kuma shi ba ya tafiya shi kaɗai kamar Kiryu. Yana tare da abokai, cikinsu har da tsohon ɗan sanda da aka kora da tsohon ma'aikacin jinya da ya rasa matsuguni. Wasan bi-da-bi kuwa shi ya fi dacewa da labarin ƙungiya, domin kowa yana da nasa lokacin. Da na gaba ya fito a Janairu 2024, kamfanin ya ce an sayar da kwafi miliyan 1 cikin mako na farko, abin da babu wani wasa a zuriyar da ya taɓa yi da wannan sauri. Gani ya kori ji.

Wani abin lura kuma, kamfanin bai watsar da masu son naushi ba. Ya ci gaba da tsohon salon a wani reshe mai suna Judgment, wanda ya fito a 2018 da kuma na biyunsa a 2021, sa'an nan a 2023 ya dawo da Kiryu kansa a wani wasa na doke-doke. Wato an dafa sabon abinci, amma ba a fasa tsohuwar tukunya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan cewa kullum masoya su ne marasa gaskiya. Zuriyar Metroid ta kamfanin Nintendo ta nuna mana fuska biyu. Wasan ya fara a 1986, kuma labarin wata jaruma ce mai suna Samus Aran, wadda take yawo ita kaɗai cikin koguna da ramuka na wata duniya, ana kallonta daga gefe kamar hoto a bango. Bayan na 1994 aka yi shekara takwas shiru. Da labari ya fito cewa an ba wani sabon kamfani a jihar Texas ta Amurka aikin, kuma yanzu ta cikin idon jarumar za a riƙa kallo kamar wasannin harbi, masoya suka ɗora hannu a ka. Amma da Metroid Prime ya fito a 2002, sai ya zama ɗaya daga cikin wasannin da aka fi yabo a zamaninsa, domin kaɗaicin nan, da laluben hanya, da komawa baya a buɗe ƙofar da a da ta gagara, duk suna nan daram.

Shekara 13 bayan haka, a 2015, Nintendo ya sake nuna wani wasa da sunan Metroid Prime, mai laƙabin Federation Force. A wannan karo sojoji huɗu ne suke harbi tare, Samus kuwa an tura ta gefe. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke ta intanet suna neman a soke shi. Ba a soke ba, ya fito a 2016, kuma bai yi kasuwa ba. Ka ga suna ɗaya, masoya ɗaya, kuka iri ɗaya; a karo na farko kukan ya zama na banza, a karo na biyu ya zama gaskiya. Bambancin shi ne, a 2002 riga aka sauya, a 2016 kuwa mai rigar aka fitar daga gida.

To, me ke kawo wannan fushi tun kafin a ga abu? A nawa ganin dalilai uku ne.

Na farko shi ne sabo da gwaninta. Mutumin da ya yi shekara goma yana horar da yatsunsa a kan salo ɗaya ya zama gwani, ana girmama shi a cikin tsara. Ranar da aka sauya salo, shi da yaron da ya fara jiya sun zama ɗaya. Mu malamai mun san wannan ciwo, domin duk lokacin da aka sauya manhaja, malamin da ya fi daɗewa shi ya fi ƙorafi, ba don sabuwar ta fi muni ba kullum, sai don littafin darasinsa na shekaru ya zama tarihi.

Na biyu shi ne tsoro, kuma tsoro ne mai tushe. Kamfani ba ya da ma'aikata da kuɗi marasa iyaka. Idan sabon salo ya kawo riba, tsohon yakan mutu. Dubi Warcraft na kamfanin Blizzard. Daga 1994 zuwa 2002 an yi guda uku, dukkansu na dabarun yaƙi. A 2004 aka fitar da World of Warcraft, inda dubban mutane suke haɗuwa ta intanet kowa da jaruminsa guda, ana biyan kuɗin wata. Ya karɓu har masu biya suka kai miliyan 12 a 2010. Masu son tsohon salon fa? Fiye da shekara 20 ke nan ba su ga na huɗu ba. Haka ma Fallout, wanda ya fito a 1997 da 1998 a matsayin wasan bi-da-bi da ake kallo daga sama. Da kamfanin Bethesda ya karɓi zuriyar ya fitar da na uku a 2008 da salon harbi ta idon jarumi, tsofaffin masoya suka yi ta kuka, sababbi kuwa miliyoyi suka shigo. Wasan ya ci kasuwa, ya ci kyaututtuka, amma wancan tsohon salo bai sake dawowa cikin zuriyar ba. Saboda haka idan ka ji masoyi yana cewa za a kashe masa abin da yake so, wani lokaci gaskiya yake faɗa, ko da sabon abin yana da kyau.

Na uku, wanda ya fi zafi, shi ne zargin kwaɗayi. A watan Nuwamba 2018, a babban taron shekara na kamfanin Blizzard a jihar Kalifoniya, masoyan wasan Diablo sun biya kuɗin jirgi da na shiga suna jiran a ce ga na huɗu. Sai aka nuna musu Diablo Immortal, na wayar hannu. Wani daga cikin 'yan kallo ya tashi ya tambaya ko zolayar 1 ga Afrilu ce ta zo ba a kan lokacinta ba. Da aka ce ba a shirya kawo shi kan kwamfuta ba, zaure ya ɗauki ihu, ɗaya daga cikin shugabannin aikin kuwa ya tambaye su ko ba su da waya ne. Wannan tambaya ta bi kamfanin shekaru. Masoya ba wayar suke ƙi ba; sun san yadda irin waɗannan wasanni suke: a ba ka kyauta, sa'an nan a yi ta tatsarka kaɗan-kaɗan kafin jaruminka ya yi ƙarfi. Da wasan ya fito a Yuni 2022, babban ƙorafin da aka yi a kansa ke nan, kuma ba a fitar da shi a Beljiyam da Holan ba saboda dokokin ƙasashen a kan sayar da akwatin sa'a, wanda ake ganin ɗan'uwan caca ne. Duk da haka, masu bin diddigin kasuwa sun ƙiyasta cewa ya tara fiye da dala miliyan 100 cikin makonni takwas na farko. A nan masoya sun yi gaskiya, kamfani kuma ya cika aljihu. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: masu ihu daban, masu biya daban, kuma kamfani kunnensa yana wajen masu biya.

Wani zai ce duk wannan labarin Japan da Amurka ne. To, ga wanda ya shigo har zangonmu. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar ɗakin gem a Nima ko a Kumasi ya san ƙwallo ce sarauniya, kuma shekaru da yawa samari sun rabu gida biyu, 'yan FIFA da 'yan PES. A shekarar 2021 kamfanin Konami ya yi watsi da sunan PES, ran 30 ga Satumba kuma ya fitar da eFootball 2022, kyauta, wanda aka gina shi domin karawa ta intanet. Ƙwallo tana nan, amma kulob tara kacal aka ba mutane, babu sashen nan na Master League inda mutum yake riƙe kulob shekara da shekaru yana saye da sayar da 'yan wasa, fuskokin 'yan ƙwallo kuma sun fito a karkace har suka zama abin dariya. Cikin kwana ɗaya ya zama wasan da ya fi kowane samun mummunan sharhi a kasuwar Steam a wancan lokaci. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, kuma sai a Afrilu 2022 ya fitar da gyararren. A irin unguwanninmu, inda intanet take da tsada kuma take yankewa, wasan da ya dogara da ita ba ya yi wa mai ɗakin gem amfani, shi ya sa za ka tarar wasu har yanzu suna riƙe da tsohon PES suna sabunta sunayen 'yan wasa da kansu. Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani.

Idan muka tattara waɗannan misalai, abin da ya fito fili shi ne suna alkawari ne, alkawari kuwa kaya ne. Ranar da kamfani ya rubuta Metroid ko Diablo a jikin kwali, yana cin amanar shekarun da mutane suka yi suna ƙaunar wannan suna, domin da sabon suna ya sa, da sai ya sha wahala kafin a kula shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Masoyi yana da haƙƙin tambaya: abin da ya sa na so wannan wasa, yana nan ko an cire? Amma wannan tambaya ba a amsa ta daga bidiyon talla na minti biyu. Masu kuka a kan Yakuza a 2019 sun ɗauka naushi ne ran wasan, ashe labarin mutanen da duniya ta yasar ne, da ban dariya, da zumunci. Sau da yawa masoyi kansa bai san abin da yake so a cikin abu ba sai ranar da aka cire wani ɓangare ya ga ko sauran zai tsaya.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na malami, wato yadda fushin yake yaɗuwa. Wanda ya gamsu yakan yi shiru ya ci gaba da wasansa, wanda ya fusata shi ke rubutu, saboda haka intanet takan nuna kamar duniya duka ta fusata. Sa'an nan akwai masu yin bidiyo a YouTube waɗanda abincinsu ya dogara da yawan masu kallo, kuma sun gane cewa bidiyon zagi ya fi na yabo jan jama'a. Na sha jin yara a filin makaranta suna cewa wasa kaza ya lalace, in ka tambaye su ko sun taɓa shi, sai su ce a'a, wani ne ya faɗa a bidiyo. Daga nan abin yakan wuce ƙorafi ya koma cin mutunci. A 2022, Ron Gilbert, mutumin da ya ƙirƙiro wasan Monkey Island tun 1990, ya sanar cewa ya daina ba da labarin sabon wasansa a shafinsa saboda zagin da ake yi masa, alhali salon zane kawai ya sauya. Mutum ya yi maka abin da ka so shekara 30, ranar da ya gwada wani abu sai ka saka masa da ashar? Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma yaron da ya saba zagin baƙo a bayan waya, wata rana zai zagi na gida a gaban ido.

Saboda haka ga 'yar shawara ga samarinmu. Kada ku yi cinikin biri a sama, ko wajen so ko wajen ƙi. Kada ka biya kuɗin wasa tun bai fito ba don kawai sunan da ka sani ne a jiki, kada kuma ka yanke masa hukunci tun bai fito ba. Ka jira mako biyu ko uku, ka ga yadda ake buga shi, ka tambayi wanda ya taɓa, in da hali ka gwada a ɗakin gem kafin ka saya. Idan bai yi maka ba, ka riƙe kuɗinka, domin wannan ita ce muryar da kamfani ya fi ji. Idan za ka yi ƙorafi, ka faɗi abin da aka cire da dalilin da ya sa yake da muhimmanci, ba tare da taɓa mutuncin kowa ba. Irin wannan ƙorafi yakan yi aiki. Lokacin da Fallout 76 ya fito a 2018 a matsayin wasan haɗaka ta intanet, babu mutanen gari da za ka yi magana da su kamar yadda aka saba, masoya suka dage a kan wannan batu guda, kuma a Afrilu 2020 kamfanin ya dawo da su.

Ku kuma iyaye, abu biyu nake roƙo. Na ɗaya, ku riƙa duba lambar shekaru da ke jikin kwali ko a shafin saye. Yakuza da Fallout da na ambata, alal misali, lambar 18 ce a kansu, ba na 'yan firamare ba ne. Na biyu, ku yi hattara da kalmar "kyauta". Wasan da aka saya sau ɗaya an gama da shi, amma wanda aka ce kyauta ne, shi ne wanda yakan bi ta asusun kuɗin wayar uwa da dare. Idan yaro ya zo yana ƙunƙuni cewa an ɓata masa wasa, kada a kore shi da cewa shirme ne. A zaunar da shi a tambaye shi: me aka sauya, wa ya gaya maka, kai ka gani da idonka? Wallahi waɗannan tambayoyi uku za su yi masa amfani a wuraren da suka fi gem girma, ranar da za a zo masa da jita-jita a kan siyasa ko addini ko maƙwabci.

Zamani riga ne, kuma idan kiɗa ya sauya rawa ma takan sauya. Kamfanoni ba za su daina gwada sabon salo ba, domin wanda ya tsaya wuri ɗaya ma masoyan nan ne za su fara cewa ya gundure su. Abin da ya rage gare mu shi ne mu koya wa yaranmu su buɗe akushi su ɗanɗana kafin su yaba ko su kushe.

Nan za mu dakata a wannan wata. Mai ƙarin bayani ko gyara, musamman daga cikin samarin da suka fi mu sanin wannan fage, ƙofa a buɗe take ta hannun edita. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu dace. Sai mun sake saduwa a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.